Hashimu, Wanda Bai Sallami Kowa Ba

Da hantsi za ka tarar da Malam Hashimu a garejinsa da ke kan hanyar gada a Gaya, garin bakin iyaka, ya durƙusa gaban inji yana saurarensa kafin ya taɓa shi. Tun yana saurayi yake gyaran manyan motocin da ke ɗauko kaya daga Kwatano, har furfura ta cim masa.

A 2023 aka rufe iyaka, aka tare gadar da ke zuwa Malanbil a tsallaken kogi. Motoci suka daina shigowa. 'Yan dako suka watse, masu abinci suka kife tukwane, masu gareji da dama suka ce kowa ya nemi na kansa. Hatsin da gwamnati ke sayarwa da rahusa ya ɗan rage zafi, amma bai maido wa kowa aikinsa ba.

Badaru, babban ma'aikacin Hashimu, magidanci mai 'ya'ya biyar, ya zo masa da jaka a kafaɗa.

"Maigida, zan tafi arewa haƙar zinariya. Zaman nan ba ya ciyar da gida."

"Ƙanenka da ya tafi bara, an ji labarinsa?"

Badaru ya girgiza kai.

"Aje jakar nan. Gobe ka ɗauko kayan aiki, bakin kogi za mu."

A lokacin mutane da kaya sun koma ƙetarewa ta kwale-kwale, injinan jiragen ba sa hutawa. Hashimu kuwa bai taɓa kwance injin jirgi ba. Na farkon da ya buɗe a hannunsa ya mutu, mai jirgin ya zazzage shi gaban jama'a. Ya sayar da babur ɗinsa ya saya wa mai jirgin wani injin, kashegari kuma ya koma bakin kogin. Daga baya manoman shinkafa na Tunuga suka fara kawo masa injinan ban-ruwa a kan amalanke. Hama, mai shayin ƙofar garejin, ya ce ya sha ganin Hashimu ya raba wa ma'aikata abin da aka samu, shi ya taka zuwa gida hannu wofi.

Kai ne, Hashimu, wanda bai sallami kowa ba. Bana da idonka ya yi rauni ka miƙa wa Badaru garejin, da mutanensa cif. Mun gode, Allah ya saka.

Duk mai ma'aikata, ranar da kasuwa ta tsaya, kafin ya ce musu su tafi, ya fara tambayar kansa ina za su.