Maama Nakiwala, Mai Tambaya Kafin Ta Sanar da Mutuwa

Kullum ƙarfe shida na safe Maama Nakiwala take sauka daga babur a ƙofar gidan rediyonmu na garin Masaka, da ƙunshin dafaffiyar ayaba a jaka. Shekara talatin da ɗaya tana karanta sanarwar rasuwa, ba ta taɓa kuskuren sunan mamaci ba.

Da tashar ta buɗe shafin intanet, manaja Ssekandi ya ɗauke mu aiki, mu masu sababbin takardun makaranta. Ita kuwa ya ce mata, "Maama, wata uku na ba ki. Ki koyi kwamfuta, ko ki koma gonar kofi." Ta zauna tana dannawa da yatsa ɗaya kamar kaza na tsintar gero. Mun yi mata dariya, tawa ma ta fi ta kowa. Har yau ina jin kunya.

Saura mako guda wa'adin ya cika, saƙo ya shigo wayar tasha har da hoto: wai wani dattijo, Mzee Lubwama na garin Kyotera, ya rasu. Na tsara shi, zan saki ke nan ta riƙe mini hannu.

"'Yata, ɗan wane dangi ne shi? A ina za a binne shi?"

"Maama, wasu fa za su riga mu."

"Su riga mana. Mutumin ƙasarmu ta Buganda ba ya mutuwa babu sunan dangi, babu makwancin kakanni. Wanda ya rubuto wannan ba ɗan gidan ba ne."

Ta nemo lambar gidan ta kira. Tsohon da kansa ya ɗauka. "Na mutu? To ku bari in ƙarasa shayina tukuna." Ashe wani maƙwabci ne da suke rigimar iyakar gona ya ƙulla abin.

Ssekandi bai sake zancen wata uku ba. Sabon aiki ya ba ta: tantance kowane saƙo kafin ya hau shafi, da horar da mu. Mutum arba'in sun bi ta hannunta.

Maama, ke ce kika zauna da furfurarki kika koyi na'urarmu ba girman kai, kika kuma koya mana abin da babu shi a takardunmu. Wannan watan za ki ajiye aiki. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi.

Shugabannin tashoshi, ku duba da kyau kafin ku sallami irinta. Abokan aikina masu saurin yatsa, ku ɗaga waya ku tambaya. Ni dai da ba ta riƙe mini hannu ba, da na binne mutum yana shan shayi.