Ƙwan Maman Terna, Daga Azuba Zuwa Ashige

AZUBA

Kiran sallar asuba ya same ni idona biyu. Na yi salla, na ɗaura zanen da na goge tun jiya, Inna ta miƙo mini kunun gyaɗa, na kurɓa sau biyu na ajiye. Na san kun saba karanta labarin waɗanda suka je Legas ko Makka. Tawa tafiyar daga Azuba ce zuwa Ashige, wadda ba ta cika awa guda ba in hanya da kyau. Amma a safiyar Litinin ɗin nan, da an ba ni zaɓi da a ƙasa zan tafi.

Ga dalili. Tun da na gama sakandare nake koyar da 'yan aji biyu a wata firamare a Ashige. A farkon damina a-kori-kurar da na shiga ta kife da mu a wata kwana da ke gaban 'yar gada, bayan an wuce Akurba. Na karye a hannun hagu. Dattijon da ke zaune kusa da ni da kajinsa bai tashi ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tun daga tasha na ga direban yana zuba gudu, har na buɗe baki zan yi magana, sai na duba na ga duk maza ne manya kuma ba wanda ya tanka. Na ji kunya, na yi shiru. Ƙashi ya kama, amma tun ranar ban sake sa ƙafa a mota ba. Hedimasta ya yi haƙuri har ya gaji, ya aiko cewa in ban zo Litinin ba za a ba wani ajin. Aikin nan kuwa shi ke riƙe da ni da Inna.

Inna ce ta je ta sami maƙwabcinmu Baba Audu, malamin gona, wanda shi ma a Ashige yake aiki. Yana da tsohuwar mota, kuma ba haya yake yi ba. Shi da wasu masu bin hanyar suke tafiya tare su dawo tare, in wata ya ƙare a yi karo-karon kuɗin mai. Ya ce akwai wurin mutum ɗaya.

Na iske motar a kan gangaren ƙofar gidansa, an tokare tayar da dutse, don ba ta tashi da makulli. Oga Sule, ma'aikacin ɗakin shan magani, shi ne mai turi.

"Malama, barka da fitowa," in ji shi. "A motar nan kowa da aikinsa. Ni ne batir."

Ya janye dutsen, ya tura, motar ta yi tari ta kama, ya sheƙo da gudu ya faɗa gaba. Ni kuwa ina baya, na runtse ido, na kama kujera da hannu biyu.

CIKIN LAFIA

Gari ya fara wayewa lokacin da muka shigo Lafia. Ban ga komai a hanya ba, sai dai na gane inda muke da ƙamshin shinkafar da ake turarawa a wajen injinan casa. Nan muka tsaya ɗaukar Maman Terna, wata Tibi mai kai ƙwai Ashige ta sayar, ta sayo doya ta dawo. Motar na tsayawa na buɗe ƙofa na fita. Na ce wa Baba Audu ya yi haƙuri, ni a nan zan koma gida.

Maman Terna ce ta iso da daro a ka, ta dube ni sama da ƙasa. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta.

"Kai ne yarinyan Inna? Kama mini wannan."

Kafin in yi magana daron yana hannuna. Ƙwai ne jere a cikin ɓuntun shinkafa, an rufe da tsumma.

"Sule, koma baya. Yau Malama ne mai ƙwai."

Na ce, "Mama, gaba kuma? Ni ko bayan ma na kasa."

Oga Sule ne ya yi mini bayani yana tattara jakarsa. Wai can baya Baba ya taɓa faɗawa rami da gudu, ƙwan Maman Terna ya fashe a kujera, aka yi makonni ana tafiya kowa kansa a waje saboda wari. Tun daga nan aka kafa doka: duk wanda ƙwai ke kan cinyarsa shi ke zama gaba, kuma in ya ce a rage gudu dole a rage, babu gardama.

"Mota tawa, lasin nawa," in ji Baba Audu, "amma kaza ce ke mulki. Shigo, 'yata, rana na yi."

Na duba inda zan ajiye daron, ƙasa duk caɓi. Maman Terna kuwa ta riga ta shige baya ta ja ƙofa. Haka na shiga.

AKURBA

Mai riƙe da ƙwai ba ya rufe ido, wannan na gane tun kafin mu bar gari. Dole in ga rami kafin mu kai gare shi, in ɗaga daron kaɗan. Da haka na ga 'yan makaranta suna tafe a layi, na ga mata da tulin sabuwar doya a bakin titi, abin da na yi watanni ban gani ba.

Da muka shiga Akurba titin ya lalace, ruwa ya cinye gefensa. Baba bai sassauta ba. Sai na ji yatsa a kafaɗata.

"Ka yi magana mana. Kayana ne a hannunka."

Na ce, "Baba, ƙwai." Ni kaina da ƙyar na ji muryata.

"Na ji, mai ƙwai." Ya ɗaga ƙafa, motar ta lafa.

Abin ya ba ni mamaki. Ban taɓa gaya wa babba ya yi abu a mota ya yi ba.

A ƙarshen gari akwai shingen 'yan sanda. Wani dogo ya leƙo, ya gaisa da Baba, ya dubi daron, sannan ya dube ni da kyau. Ya ce, "Malama, hannu ya warke?" Ashe yana cikin waɗanda suka ciro mu ranar. Na ce ya warke, na gode. Ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya janye katakon.

'YAR GADA

Tun daga nesa na gane bishiyar ɗorawar da ke bakin kwanar. Hannun da ya karye ya fara zogi kamar jiya aka ɗaure shi. Wannan karon ban jira yatsar kowa ba.

"Baba, ƙwai. Ƙwai, Baba."

Ya rage har sai da wani mai keke ya wuce mu yana waiwaye. Oga Sule ya ce in an ga dama shi zai sauka ya riga mu, ya buɗe ɗakin magani. Ba wanda ya kula shi. Na kalli wurin da muka faɗa. Ciyawa ta rufe shi ruf, wata mata tana wanki a ƙarƙashin gadar, 'yarta tana kora awaki. Na yi wa dattijon nan addu'a a zuci. Sai ga mu a ƙetare.

ASHIGE

Mun isa ana buga ƙararrawar taron safe. Garin sauka ƙafata ta sarƙe da zane, daron ya karkace, ƙwai ɗaya ya zame ya faɗi a kan tsakuwa. Na dafe ƙirji. Ƙwan ya gangara ya tsaya a gindin taya, ɓawonsa ya tsage, ko ɗigo bai fito ba.

Baba Audu ya sunkuya ya ɗauka, ya juya shi, ya ɓare. Fari fat, dafaffe.

"Maman Terna, mene ne wannan?"

"Ƙwai ne."

"Ai ɗanye kike kawowa, a nan kike dafawa kullum, a gidan ƙanwarki," in ji Baba.

"Jiya da yamma na dafa shi, ya kwana ya huce. Inna ya gaya mini yarinyan hannunshi yana rawa. Kana so in ba shi ɗanye, in yi asara?"

"Wato dafaffen ƙwai na yi wa rakiyar amarya tun daga Lafia, har mai keke ya wuce ni."

Oga Sule ya yi dariya har ya zauna a kan dutsen tokare taya. Ni ma na samu kaina ina dariya, hawaye na zuba. Maman Terna ta karɓe ƙwan daga hannun Baba, ta barbaɗa yaji ta ba ni, ta ce ladan dako ne.

Hedimasta ya gan ni ya ce, "Kin zo?" Na ce na zo. Ya ce ajina yana nan inda na bar shi. Yara suka taso suka kewaye ni, kowa yana son ya taɓa hannun ya ji ko da gaske ƙarfe aka sa. Da rana na ci gasasshiyar doya da manja a bakin kasuwa. Doyar Ashige ta fi ta cikin gari araha, kuma gari gare ta.

KOMOWA

Bayan la'asar muka haɗu a inda aka ajiye motar. An cika but ɗin motar da doya, daron ƙwai babu komai a ciki, don haka Oga Sule ya koma kujerarsa ta gaba, ni da Maman Terna muna baya. Hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin. Abin share gilashin motar ɗaya ne ke aiki, shi ma sai ya ga dama, saboda haka Baba yana so ya riga ruwan shiga gari. Ya taka mota.

Doya tana ta gwaruwa a baya. Na dubi Oga Sule, ya yi shiru. Na dubi Maman Terna, ta jingina kai ta rufe ido, ban sani ba ko barcin gaske ne. Manya uku, ba mai magana, ga ɗorawar nan tana matsowa. Daidai yadda aka yi ranar. Na dubi cinyata, babu abin da zan fake da shi.

Na ce, "Baba, don Allah a rage gudu."

Ya kalle ni ta madubi. "Ƙwai ya ƙare, Malama."

"Na sani, Baba. Ni ce nake jin tsoro."

Ya ɗaga ƙafa nan take. Muka sha kwanar a hankali, muka haye gadar. Sai da muka wuce ya ce, "Da haka kike faɗa tun farko, da baiwar Allah ba ta ƙona itacenta wajen dafa ƙwai ba."

"Ni ma fa tun ɗazu ƙofa nake riƙe da ita," in ji Oga Sule.

"To me ya hana ka magana?"

"Ni batir ne, Baba, ba birki ba."

Ruwan ya kama mu a Akurba. Motar ta mutu a cikin wani kududdufi, muka fito mu uku muka tura, muka jiƙe sharkaf, Maman Terna tana yi wa motar faɗa da Tibanci. Ba wanda ya ce laifina ne, ko da yake da an yi gudun da mun tsira. Muka sauke ta da doyarta a wajen injinan shinkafa, muka kama hanyar gida.

GIDA

Ana kiran magariba muka shigo Azuba. Inna tana tsaye a bakin titi da buhu a ka saboda yayyafi, kuma na san ta daɗe a wurin. Ba ta tambaye ni komai ba, ta karɓi doyar da na sayo mata ta ce in je in sake kaya.

Ba zan ce tsoro ya tafi ba. Yanzu ma da nake rubutun nan, in babbar mota ta wuce a titi sai alƙalami ya tsaya. Amma ajina yana hannuna, kuma ina da wurin zama a motar gobe. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Baba Audu da Oga Sule, da Inna da ta yi ƙulle-ƙullenta ban sani ba. Maman Terna kuwa da zan yi mata godiya a wajen injina ba ta tsaya ji ba. Ta ɗora doya a ka, ta leƙo ta taga ta ce, "Ka yi barci da kyau. Gobe ɗanye ne."