Kifin Shanga a Kwamfutar Yaya

Yayana a Yelwa ya girma, bakin ruwa, amma ko randar Inna zai leƙa sai ya dafa bango. Da ya samu aiki a ofishin masu awon tabki, lokacin muna Jihar Sakkwato, sai ya rungumi kwamfuta don kada a tura shi cikin kwale-kwale.

Masu awo suna aiko da takardu daga Warra da Shanga, kowane layi lamba uku: zurfin ruwa, ɗuminsa, da nauyin kifin da aka kama. A hutun makaranta ni nake karanto masa, shi yana bugawa a faifai. Injin ba ya tambaya. An gaya masa ta farko zurfi ce, ta ƙarshe kifi, to haka zai kwashe su a jere ko me suka ce.

Lambobin Warra suka fito lafiya. A Shanga kuwa ruwa bai kai idon sawu ba, kifi ɗaya ya fi bijimi nauyi.

Ogansu ya duba sakamakon ya ce, "Malam, kifin nan a tudu yake kiwo? Ran Litinin ka shiga jirgi, ka tsallaka wurin awon ka gano mana."

A gida na ce, "Yaya, in kun haɗu da kifin nan ka gaishe shi, ka roƙo mana ƙaho ɗaya."

"Ke, rufe min baki."

Bai taɓa tuwonsa ba. Ya baje takardun a tabarma yana ta kallo. Can ya ɗora yatsa a gefe: a na Shanga kwanan wata yana hannun dama, a na Warra yana hagu. Ashe mai awon Shanga karatun allo ya fara yi, daga dama yake ɗauko layinsa, ni kuma ina karantowa daga hagu yadda aka koya mana a boko. Zurfi ya zama kifi, kifi ya zama zurfi. Ɗumin ruwa da ke tsakiya ne kaɗai bai san an yi komai ba.

Da ya koma ofis, Yaya bai sake buga lamba ko ɗaya ba. Umarni ya ƙara wa injin: in ka zo kan na Shanga, fara daga ƙarshen layi. Nan take bijimi ya koma karfasa, kogi ya cika.

Ogan ya karanta a tsaye, ya ce a gaya wa mai jirgi an fasa tafiyar.