Injiniya Tahani, Mai Nuna wa Tambaya Hanya

Kullum da safe Injiniya Tahani Shalabi takan shigo ofis da burodi da wake a hannu, ta zauna gaban kwamfuta, shiru har la'asar. Yau ga shi ta yi ritaya, amma wallahi har yanzu ba mu gama gane aikinta ba. Mijinta ma, Ustaz Ramzi, in maƙwabta suka tambaye shi sai ya ce, "Gyaran talabijin take yi, amma irin manyan nan."

Ga ɗan abin da muka tsinta. Bayanan jinin da asibitoci ke ajiyewa ba wuri ɗaya suke ba: wasu a na'urar Alƙahira, wasu a Iskandariyya, wasu a Asyut da ke kudancin Masar. In likita ya tambayi inda za a samu jini iri kaza, sai an tsara na'urar da za a fara tambaya da wadda za ta biyo baya. In tsarin ya yi kyau, kafin ka kurɓi shayi amsa ta zo. In ya karkace, ka yi ta zuru. Wannan tsarin shi ne aikinta.

To, al'adar masu wannan sana'a ce ba a taɓa na'ura a satin Salla, don gudun ɓarna. Wata shekara Tahani ta nemi a sauya tsarin a satin, amma shugabanmu, Dakta Magdi, ya kafe a kan al'adar.

"Ranka ya daɗe," in ji Tahani, "jama'a sun tafi ƙauye, an bi su da jini kudu. Na'ura ba ta san Salla ba, a Alƙahira za ta yi ta lalube."

Ya dafe kai. "Tsaya, Injiniya. Wai wa ya tafi ƙauyen, mu ko ita?"

Aka tashi ba wanda ya gane, doka ta zauna.

Ranar Salla da hantsi jini ya ɓalle wa wata mai haihuwa a Asyut. Ma'aikaciyar jinya, Afaf, ta tambayi na'ura, amsa ta ƙi zuwa. Da labari ya iso masa, Dakta Magdi ya kira Tahani: "Har yanzu ban gane ba, amma don Allah ki taɓa ta." Ta bar cincin a wuta, ta sa aka fara tambayar Asyut. Ashe jinin yana wani asibiti a tsallaken kogi, aka kawo shi, matar ta rayu.

Afaf ta ce wa dangin matar na'urar ce ta farfaɗo da kanta, suka yi ta sa wa na'ura albarka. Da labarin ya iso wa Tahani sai ta yi dariya, ta ce, "Ai haka ake so."

Ke ce mai share wa tambaya hanya, Injiniya. Ba mu gane ki ba, kuma abin yana mana ciwo. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Ku da kuka gaji kujerarta, Salla ta ƙarato, ku tuna ku gaya wa na'ura. A Asyut akwai yarinyar da ke da uwa, kuma ba ta taɓa jin sunan Tahani ba.