Ranar da Kakata Ta Hau Teku

Jiya na tsaya shan mai a hanyata ta komawa gida, sai wata babbar mota ta faka kusa da ni, cike da kwalayen kifi cikin ƙanƙara da za a sauke a shagon da ke gefe. Hayaƙin dizal ya haɗu da ƙarnin kifi ya bugi hancina. Ban san lokacin da na saki kan famfon ba. Nan take na ga kaina ina da shekara goma sha ɗaya, tsaye a kan katakon gaɓar teku, rungume da jakar magungunan kakata.

Bari in gaya maka ko wace ce ita. Mahaifiyar babana ce, mutuniyar Gaya, can bakin kogin Kwara. Tun tana budurwa take tuƙa kwale-kwale. Da mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, da filafili ta ciyar da su: ta ɗora kwandunan busasshen kifi ta ƙetare kogi ranar kasuwa, ta dawo da yamma. Tafin hannunta kamar ƙirgi yake, in ta shafa maka kai sai ka ji. Sunanta aka sa mini, don haka takwara take kirana. Babana kuwa ɗan fari ne, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce yaron nan, ko da yake a lokacin furfura ta fara fito masa.

An kawo ta wurinmu a Greensboro ta ƙasar Amurka ne saboda hawan jini da ciwon gwiwa. Muna zaune a bene na biyu a wani rukunin gidaje da ke kan High Point Road. Ta iso a farkon sanyi, ta shafe watannin nan a kujerar bakin taga, ƙafafunta kusa da hitar ɗumama ɗaki, tana kallon filin sayar da motoci. Babana yana sonta, so mai tsanani, kuma da wannan son ya ɗaure ta. Kada ta sauka bene ita kaɗai. Kada ta ɗaga tukunya. Kada ta fita da lulluɓinta, domin shekarun nan ne da mutanenmu suke tafiya a takure tun bayan harin da aka kai New York, kowa yana gudun a lura da shi. Da sanyi ya wuce, garin furen itatuwa ya rufe motoci da rawaya, ita tana nan a kujerar. Ta daina tsokanata. Ta daina cewa miyar mamata ba gishiri, abin da ya fi komai tayar wa mamata hankali ke nan.

A gidan da ke ƙasan namu akwai wani dattijo baƙar fata, ɗan ƙasar, wanda ya yi ritaya. Wata Lahadi cikin zafin bazara ya zauna a bakin matakala yana fere kifi a kan jarida. Kaka ta hango shi ta taga. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta kama ƙarfen bene ta sauka, ni ina biye da ita ina roƙonta ta dawo. Ta ɗauki kifi ɗaya ta buɗe masa kunne, ta shinshina, ta ce in tambaye shi inda ya samo. Ya ce akwai jiragen masunta a bakin teku, tafiyar awa uku da wani abu daga nan, kowa yana iya shiga a kai shi tsakiyar ruwa ya yi fatsa ya dawo. Na fassara mata da gurguwar Hausata, wadda rabinta Turanci ne. Ta gane sarai.

Da babana ya dawo daga aiki ta gaya masa tana son a kai ta. Ya yi dariya, ya ce teku ba kogi ba ne, likita ma ba zai yarda ba. Ba ta yi musu ba. Washegari muka tashi muka tarar ta ɗaure kayanta kaf cikin akwati, ta jawo shi bakin ƙofa, ta zauna a kai da carbinta. Ta ce ɗayan biyu: ko a kai ta ta ga ruwan nan, ko a mai da ita inda aka ɗauko ta, domin ita ba ta san laifin da ta yi aka kulle ta ba. Kwana uku akwatin yana nan, kowa sai ya raɓa shi kafin ya fita. Babana ya kira wani dattijon masallacinmu ya ba ta baki. Ta saurare shi har ya gama, ta yi masa godiya, ta tambayi lafiyar iyalinsa, ta koma kan akwatinta. A rana ta huɗu mamata, wadda ba ta cika sa baki a tsakaninsu ba, ta ce wa babana ita dai ta sayi kaza za ta soya don guzurin hanya, sai ya faɗi ranar.

Muka tashi bayan sallar asuba, ni da shi da ita. Mamata ta zauna da ƙanena. Babana ne ke tuƙi. Na san abin da yake fata: ta ga teku daga nesa, ta tsorata, mu ci kazarmu mu juyo.

Jirgin fari ne, tsawonsa ya kai motar safa biyu, injinsa yana ta ruri. Fasinjoji sun kai talatin, yawanci maza Turawa masu jajayen wuya da hulunan rana. Da muka doso, hira ta ragu. Mai jirgin, wani ƙaton mutum mai farin gemu, ya dubi Kaka tun daga ɗankwali har silifas, ya dubi sandarta, sannan ya juya ga babana. Ita bai yi mata magana ba. Ya ce yau ruwa yana da ƙarfi, tsohuwa irin wannan za ta sha wahala, zanin nan zai harɗe ta ta faɗi, kuma ba zai juyo da jirgi saboda mutum ɗaya ba. Gara ta zauna a inuwa ta jira mu.

Na ga kafaɗun babana sun sauka. Ya juya ya ce mata, cikin ladabi, wai jirgin ya cika, sai wani lokaci.

Kaka ta dubi jirgin, ta dubi bencinan da ba kowa a kansu. Sannan ta dube ni.

"Takwara, me mutumin nan ya ce?"

Babana ya zuba mini ido. Ban taɓa saɓa masa a gaban mutane ba, kuma na san kallon. Amma ita ma tana kallona, kuma na fahimci cewa a duk faɗin ƙasar nan ba ta da kunne sai nawa. In na yi mata ƙarya, shi ke nan, kowa ma yana iya yi mata. Na gaya mata duka, har zancen zanin. Ban san ina da Hausar da ta kai haka ba sai ranar.

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "To gaya masa yadda zan faɗa, kada ki rage. Shekara arba'in ina tuƙa jirgi da zani, ban taɓa zubar da kayan kowa a ruwa ba. In na faɗi, kada ya juyo. In yana da magana kuma, ga ni, ya yi da ni."

Na faɗa da Turanci, da ƙarfi, har na bayan layi suka ji. Kafin mai jirgin ya buɗe baki, Kaka ta miƙa wa babana sandarta, ta tattare zaninta ta soke a ƙugu, ta matsa bakin katako. Jirgin yana hawa yana sauka. Ba ta yi gaggawa ba. Ta bar shi ya sauka sau ɗaya, sau biyu, a na uku da ya taso daidai ƙafarta sai ta taka, kamar mai shiga ɗakinta. Mai jirgin ya ga takun nan. Ya sosa gemu, ya shiga ciki, ya fito da rigar hana nutsewa, ya miƙa mata da hannunsa.

Kada ka zaci daga nan komai ya zo da sauƙi. Muna fita daga mashigin da jirage ke tsayawa, teku ta nuna mana halinta. Jirgin ya riƙa hawa tudun ruwa yana faɗawa rami, gishiri yana feso mana a fuska. Ƙasa ta ƙanƙance, ta zama zare, ta ɓace. Na dubi Kaka na ga abin da ban taɓa gani a fuskarta ba. Tsoro take ji. Ta damƙe ƙarfen gefe, leɓɓanta suna motsi da addu'a. Can ta tambaye ni a hankali ina ƙetaren wannan ruwa yake, don ita duk ruwan da ta sani, in ka bar gaɓa ɗaya kana ganin ɗayar. Na ce a taswirar makarantarmu, in aka miƙe, Afirka ce a can. Ta daɗe tana kallon wajen.

Babana ne ya fara amai, aka kai shi ciki ya kwanta a benci tare da wasu ƙattai uku. Ba a daɗe ba ita ma ta sunkuya ta gefen jirgi ta amayar da duk abin da ta ci. Wani ma'aikacin jirgin ya zo ya ce in kai ta ciki. Na fassara. Ta kurkure baki, ta goge da bakin mayafi, ta ce in gaya masa wata bakwai ta yi a ɗaki, ba wani ɗakin ta zo nema a kan ruwa ba. Ta sha maganinta da ruwan gora, ta ce a ba ta fatsa.

Sandar fatsarsu mai ƙarfen naɗe zare ce, ba ta saba da ita ba, ta yi ta mita wai an sa wa kamun kifi inji. Sai muka raba aiki: ni in riƙe sandar in naɗe, ita ta ɗora yatsa a kan zaren tana saurare. Kusan awa guda ba mu sami komai ba, na kusa da mu suna ta jawo nasu. Sai na ji ta ce, "Yanzu." Na naɗa da duk ƙarfina. Wani ɗan baƙin kifi ya fito yana wutsil-wutsil, bai wuce tafin hannunta da yawa ba. Ma'aikacin ya zo da ma'auni ya ce bai kai ba, doka ta ce a mai da shi, ya miƙo hannu zai karɓa. Kaka ta janye. Na ɗauka rigima za a yi. Ita kuwa ta zare ƙugiyar a hankali, ta sunkuya ta sake shi cikin ruwa da kanta. Ta ce in sanar da shi tun kafin a haife shi ta san ba a cin ɗan kifi, abin da ba ta yarda da shi ba shi ne a ƙwace mata abu a hannu.

Bayan nan muka kama biyu manya. Ana cikin jawo na biyun, jirgin ya karkata, Kaka ta yi taga-taga. Sai na ga hannu ya riƙe bayan rigar nan da aka ba ta. Babana ne, ya rarrafo ya fito, fuskarsa ta yi fari fat, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya a bayan mahaifiyarsa. Bai ce ta zauna ba. Ita ma ba ta waiwaya ba, ba ta kuma ce ya sake ta ba. Haka suka tsaya har aka ɗaga anga, jirgi ya juyo gida.

A hanyar dawowa ta yi barci, bakinta a buɗe, gishiri ya bushe a girarta. Ni ina jiran faɗa. Mun kusa shiga gari sannan babana ya dube ni ta madubi, ya ce abin da na yi masa a gaban mutane bai ji daɗinsa ba. Na ce na sani. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba.

A masallaci an yi ta maganar, wasu suna cewa ganganci ne a kai tsohuwa mai hawan jini tsakiyar teku. Ko a jikinta. Ta kwance akwatinta, ta koma sukar miyar mamata, ta riƙa sauka bene duk lokacin da ta ga dama. Sau biyu muka sake komawa jirgin nan kafin ta koma Gaya, inda ta rasu bayan shekara uku, a ɗakinta, kusa da kogi.

Yau abubuwa da yawa sun canja. An sauya wa titinmu suna, matanmu suna tuƙa motocinsu da hijabansu ba mai sunkuyar da kai. Babana kuma shi ne tsohon yanzu, zuciyarsa ta fara ba shi wahala. Watan jiya ya ce yana son ya je Gaya ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa, ya shiga kwale-kwale ko sau ɗaya. Ƙanena, wanda yake ƙaunarsa ƙwarai, ya kira ni a waya ya ce mu haɗa baki mu ce masa likita ya hana. Likita bai hana ba, cewa ya yi akwai haɗari, kuma na gaya wa babana haka ɗin, ban ƙara ba ban rage ba. Ya ce zai je. Ƙanena ya yi fushi, har yau bai ɗaga wayata ba. Zai huce. Ni dai na karɓi hutu a wurin aiki, tare za mu tafi bayan sallah, kuma na gaya wa babana ni zan zauna a bayansa a cikin kwale-kwalen.