Zukata Shidan da Lin-je Ta Ƙi Gogewa

Ƙarfe bakwai saura kwata Szeto Wai-lin take sauka daga ƙaramar bas a ƙofar tsangayar likitanci, da laima a hannu ko ana ruwa ko ba a yi, ta hau bene na tara ta buɗe ɗakin gwaje-gwaje. Kafin ta kurɓi shayinta sai ta auna gishiri da sukari ta haɗa ruwan da za a ba zuciya, ta kunna na'urar da ke ɗumama shi daidai da zafin jiki, ta fasa ƙanƙara a kwano. Sannan ta sauka ƙasa ta ɗauko ɓerayen da za a yi aiki da su. Shekara talatin da ɗaya tana haka. Ranar Juma'ar da ta wuce ta miƙa makulli.

Ba mai kiranta da cikakken suna. Daga farfesa har mai shara, Lin-je ake ce mata, wato Yaya Lin.

Duk shekara ɗaliban likitanci takwas ko goma sukan jingine karatunsu bayan aji uku, su yi shekara guda suna nazarin zuciya da jijiyoyin jini don ƙarin digiri, sannan su koma su tarar abokansu sun wuce su da aji ɗaya. A cikin wata goma ake so su yi bincike su rubuta. Malaman da ke duba aikin, sau ɗaya a mako ake ganinsu. Wadda ake gani kullum Lin-je ce.

Ita ke yi wa ɓera allurar barci, ta jira har ya daina jin komai, ta buɗe ƙirji ta cire zuciyar da ba ta fi kan ɗan yatsa ba, ta tsoma a ruwan ƙanƙara, ta zura babbar jijiyarta a siririn bututu ta ɗaure da zare. Da ruwan ɗumi ya shiga sai zuciyar ta farfaɗo tana bugawa ita kaɗai a rataye. In aka wuce minti biyu ba a rataye ta ba, aikin ya lalace, ɓeran ya mutu a banza. Shi ya sa take da littafi mai baƙin bango, tana rubuta daƙiƙun da kowace zuciya ta ɗauka.

Bakinta ba ya sassauta wa kowa. "Likita, ɗaure zaren nan za ka yi, ba rigar sanyi na ce ka saƙa mana ba." Wata ɗaliba da jiri ya ɗebe ta a ranar farko, ce mata ta yi, "In faɗuwa za ki yi, yi ta hagu, kwalabena ne a dama." Bayan an watse ta same ta a bayan ƙofa tana kuka, ta miƙa mata burodi mai zafi ta ce, "Ni ma da na fara sai da na yi wata ban iya cin nama ba. Kada ki yarda ki saba gaba ɗaya."

Abin da ya sa ake wannan rubutu ya faru ne shekara tara da suka wuce, kuma wadda abin ya fi shafa ce ta ba da labarin da bakinta, ta ce a rubuta.

Tsui Man-ki ɗiyar mai sayar da kifi ce a kasuwar Sham Shui Po, ita ce ta farko a gidansu da ta shiga jami'a. Ta ɗauki shekarar ne don tana son zama likitar zuciya, kuma gurbin horon ba ya samuwa sai da sakamako mai kyau. Mai duba aikinta wani matashin malami ne, Dokta Fung, wanda aikinsa na wucin gadi ne, sabunta shi kuma ya dogara ga a buga binciken a mujalla. Wani magani suke gwadawa, ko zai rage ɓarnar da zuciya ke yi idan jini ya yanke mata. Zukata arba'in da biyu Lin-je ta rataye musu. Da aka haɗa lissafi sai maganin ya zama bai yi komai ba. Amma in aka cire shida daga ciki, sai ya zama ya yi.

Wata Talata da hantsi Dokta Fung ya shigo da takarda, Man-ki na biye da shi kanta a ƙasa.

"Lin-je, hannu kawai za ki sa. Waɗannan shidan an makara wajen rataye su, shi ya sa muka cire. Ba wanda zai ga laifinki, kowa na kuskure."

Ta buɗe littafinta ta juya masa. "Daƙiƙa saba'in da ɗaya. Sittin da takwas. Tamanin. Wanne ne makararren, Dokta?"

"Littafin nan ba wanda ke karanta shi."

"Ni ina karantawa."

Ya sassauta murya ya ce ta dubi yarinyar nan, shekararta guda ce za ta tafi a banza. Lin-je ta dube ta kuwa, ta daɗe tana dubanta, don ita ce ta koya mata riƙon hantsaki, kuma ta san uwar yarinyar kan aiko wa 'yarta da busasshen kifi duk wata. Sannan ta ce, "Arba'in da biyu na kashe da hannuna. Ba zan ce shida ba su mutu ba."

Da Dokta Fung ya fita, Man-ki ta ɗago. "Ke me za ki rasa? Sunanki ma ba ya hawa takarda. Ɓera kike tausayi, ba ni ba."

Lin-je ta rufe littafinta. Ta juya ta ci gaba da wanke kwalabe.

Ba wani abin daɗi da ya biyo baya. An rubuta sakamakon yadda yake, ba mujallar da ta karɓa. Ba a sabunta aikin Dokta Fung ba, ya kwashe matarsa da 'ya'ya biyu ya bar ƙasar. Man-ki ta fita da matsakaicin sakamako, ta yi shekara uku tana neman gurbin kafin ta samu, kuma ko a lif ɗin hawa bene suka haɗu da Lin-je sai ta kau da kai. A sashen aka riƙa cewa Lin-je taurin kai ne da ita. Waɗanda take cin abincin rana da su suka sami wani tebur. Ta koma cin shinkafarta a matakala, ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba, ba ta kuma gaya wa kowa abin da aka nemi ta sa wa hannu ba.

Ke ce mai hannun da ba ya ƙarya, Lin-je. Ke kika san abin da kika ji a ranki ranar da yaran Dokta Fung suka zo kwashe littattafan ubansu suka gaishe ki.

Bara hannunta na dama ya fara rawa. Da farko sai ta ɗauki kofi take ji, daga baya har a kan zare. Ba wanda ya lura, don ɗalibai suna ganin ko da rawar ta fi su sauri. Littafin ne ya nuna: daƙiƙa casa'in, ɗari da goma, ɗari da talatin da biyar. Ranar da ta yi asarar zuciya ta uku a mako guda, ta zauna a kan kujerar ƙarfe tana kallon yatsunta har shayinta ya huce. Saura shekara biyu ne ta yi ritaya da cikakken haƙƙi, ga mahaifiyarta a gidan tsofaffi. Ta ɗauki littafin ta hau ofishin shugaban sashe.

"Farfesa, hannun ya ƙare. A nemi wani."

Ya ce ta zauna ta ƙarasa, ba wanda ya yi ƙorafi. Ta ce, "Yaran nan shekara guda ce da su. Ba zan ɓata musu ita suna ce mini sannu ba."

Ba a nemi wani ba. An ce daga baɗi za a rufe ɗakin, ɗalibai su koma nazarin bayanai a kwamfuta. An riga an liƙa wa na'urorinta jajayen takardu, alamar za a kwashe su.

Mutum goma sha ɗaya ne suka zo bankwana ranar Juma'a, cikin ɗalibai kusan ɗari uku da suka bi ta hannunta. Aka yanka kek, Farfesa ya yi magana ta minti uku ya tafi wani taro. Ana tattara faranti sai ga Dokta Tsui Man-ki da rigar asibiti, ta tsaya a bakin ƙofa kamar baƙuwa.

"Lin-je, maganar da na gaya miki..."

"Kin ci abinci?"

"Ban ci ba."

"Ga ki likita guda, kin rame kamar tsinken cin shinkafa. Zauna."

Ta yanko kek za ta miƙa mata, farantin na kaɗawa har cokalin ya faɗi ƙasa. Man-ki ta karɓi farantin ta ajiye, ta kama hannun da nata biyu, tana juya shi tana lanƙwasa wuyansa yadda ake yi wa mara lafiya. Ta ce ranar Alhamis za ta kai ta wurin likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa da kanta. Lin-je ta ce, "To, in kin sami lokaci." Ba ta janye hannun ba.

Mun gode, Lin-je, mu da muka zo da waɗanda kunya ko aiki ya hana. Ba mu da lambar yabo da za mu ba ki, sunanki kuma ba ya cikin ko ɗaya daga takardun da muka yi taƙama da su. Duk wanda a cikinmu wata rana aka miƙo masa takarda aka ce hannu kawai zai sa, ya tuna da ke. Wanda kuma ya san benen da kike zaune a unguwar Tuen Mun, ya hau ya gaishe ki tun kina iya buɗe ƙofa da kanki.