Ciyawar Azagor

Baba mutum ne mai tausayi, amma hannunsa ba ya shiga aljihu sai da gardama. Mahaifiyarsa, wadda duk gidan muke kira Inna, a Azagor aka haife ta cikin makiyaya, aure ne ya kawo ta Dakoro. Burinta guda ne kowace shekara: idan ruwa ya zauna, a kai ta ta ga dajinsu shar, lokacin da ciyawa ke kaiwa gwiwa.

Matsalar ita ce kowa ma lokacin yake son tafiya. Masu dabbobi a arewa, masu sayen man shanu, mu malaman lakwal, wato makarantar boko, da ke hutu, duk a tasha ake haɗuwa. Direbobi kuwa kakarsu ta yanke saƙa, kuɗin mota sai yadda suka ga dama. Baba yakan je ya tambaya, ya dawo yana salati, ya ce a bari jama'a su ragu, hanya ta bushe. Hanya takan bushe kuwa, ciyawar ma haka. Sai bayan girbi yake kai ta, a gidan gaban mota, cikin arha da walwala, su tarar daji ya yi fari fat. Ta yi godiya, ta dawo tana tsince karangiya daga zanenta, shi kuma ya kwana biyu yana yabon dabararsa.

Sannu a hankali yanar ido ta fara rufe ganin Inna. A wata damina ba ta ko tayar da maganar ba. Na ji haushin Baba ƙwarai, na kuma faɗa masa. Ranar kasuwa sai ga shi ya ɗauko hular tafiya, ya ce in shirya mu kai Inna Azagor.

Gidan gaba tuni wasu sun kama. A baya muka zauna, bisa buhunan gishiri, akuyar wani na taunar gefen rigar Baba. Hadari ya tare mu a hanya, ya wanke mu tas, mota ta kafe a wata fadama, aka ce maza su sauko su tura. Baba ya tura yana mita, wai ya biya kuɗin tsada an kuma sa shi aikin jaki. Inna dai ta ƙudundune cikin mayafi tana dariya ƙasa-ƙasa.

Da la'asar muka isa, gari ya washe. Ban taɓa ganin kore irin wannan ba, ga ƴan furanni rawaya ko'ina, ga shanu sun yi ɓul-ɓul. Baba ya kamo hannunta ya shiga nuna mata, ga can, ga nan. Ita kuwa tana duban gefen da ba nan yake nunawa ba. Da ya lura, sai ya sauke hannunsa.

"Inna, na makara ko?"

Ta tuɓe takalmanta ta miƙa masa, ta taka cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, ta tsaya tana murza yatsun ƙafa.

"Bar wahal da bakinka," in ji ta. "Ƙahwata ta gani. Tattaɓa-kunnena dai, ka kawo su tun idonsu na aiki."

Da za mu koma, direba ya ƙara kuɗi saboda laka. Duk muka zuba ido muna jiran salati. Baba ya biya, sannan ya tambaye shi ko baɗi ana iya kama gidan gaba tun da wuri.